Katin abinci a teburin deli: kaza mai sanyi ta wuce, mai zafi ta ƙi

Maman_Ilham_Bronx
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Amurka, kuma don Allah wanda ya san abin da gaske shi nake so ya amsa. Katin EBT yana sayen abincin teburin deli ko ba ya saye? A babban kanti guda, gasasshiyar kazar da ke cikin gilashi mai ɗumi ba ta wucewa a na'ura, amma irinta sak da aka naɗe aka sa a firji tana wucewa. A bodega kuma, wato ƙaramin kantin unguwa, wani ya karɓi kati a sanwici, na gaba da shi ya ce a'a. Ni aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, in na fita da sassafe wani lokacin sai bayan isha'i nake shigowa, ga yara uku suna jira. Abin da nake so in sani, doka ce ta gwamnati ko kowane mai kanti da tasa dokar?

Sani_Harlem116
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Doka ce, kuma ta tarayya ce, ba ta New York kaɗai ba. Duk abin da yake da zafi a lokacin da za ki biya, kuɗin SNAP ba ya sayensa. Mai sanyi da za ki tafi da shi gida yana saye. Naman da aka yayyanka miki a kan ma'auni, cuku, salak ɗin dankali, sanwicin da ba a gasa ba, duk suna wucewa. Kaza mai zafi, soyayyen kifi, shinkafar da ke kan tururi, miya, kofi mai zafi, ba sa wucewa.

Dan_Fagge
A yi mini afuwa, mu da muke gida muna karantawa. Mene ne deli, mene ne kuma katin nan?

Hajiya_Rabi_Chicago
@Dan_Fagge ɗana, deli wani ɓangare ne a cikin kanti, tebur mai gilashi, ma'aikaci yana tsaye a baya. Ka nuna naman da kake so ko cuku ya yanka maka ya auna, ko ya haɗa maka burodi da nama da ganye. A gefe kuma akwai dafaffen abinci a kan wuta. Katin kuwa tallafin abinci ne na gwamnatin tarayya ga masu ƙaramin ƙarfi. Da can takardu ne ake bayarwa, shi ya sa har yau tsofaffi irinmu fudstam muke cewa. A 2008 aka sauya sunan shirin ya koma SNAP. Duk wata ana zuba kuɗin a kati, ba ka iya cire shi a hannu, abinci kawai yake saye. Kowace jiha da sunan katinta. Mu a Illinois Link muke kiransa, na Texas Lone Star, na Michigan Bridge.

Dan_Fagge
Na gode Hajiya. To amma kaza ai kaza ce. Mene ne laifin zafin?

Maman_Ilham_Bronx
Tambayar da nake yi ke nan, Dan Fagge. Wadda take firji ma ita ce ta jiya da ba a sayar ba. Ta yau mai ɗumi an hana ni, ta jiya an ba ni, kuma kuɗinsu kusan ɗaya.

Malam_Habu_Columbus
Bari in ɗan yi bayanin asalin abin, domin in an san tushensa sai a san wanda za a yi wa kuka. Shirin nan Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokarsa a 1964, kuma Ma'aikatar Noma ta Amurka ke riƙe da shi, ba ma'aikatar jin ƙai ba. Tun farko tunaninsu shi ne a taimaka wa iyali su sayi ɗanyen kayan abinci su dafa a gida, manomi ma ya samu kasuwa. Tun shekarun 1970 aka rubuta a cikin dokar cewa abinci mai zafi da aka shirya don a ci nan take ba ya cikin abin da ake kira abinci a shirin. Majalisa ce ta rubuta, don haka mai karɓar kuɗi a kanti ba ta da ikon ɗaga miki ƙafa, manaja ma haka.

Abu na biyu, kuɗin da ake ba mutum an lissafa shi ne bisa wani tsari da ya ɗauka cewa daga ɗanye za ka dafa komai. A lissafin Oktoban 2025, a yawancin jihohi mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu a wata dala 298 ne, gida mai mutum huɗu dala 994, kuma yawancin mutane ba sa samun cikakken adadin domin ana rage shi gwargwadon albashi. In ka raba abin da ake samu a matsakaici, kusan dala 6 ne a rana ga mutum ɗaya. Hujjar masu kare dokar ita ce in aka buɗe ƙofar dafaffen abinci, kuɗin zai ƙare kafin tsakiyar wata.

Alhaji_Garba_Houston
Kuma hujjar gaskiya ce. Ni ina tare da dokar, ku yi haƙuri. Buhun shinkafa mai fam 20 da wake da manja da ɗanyar kaza za su riƙe gida kwanaki da yawa. Faranti ɗaya na teburin zafi dala goma ne ko fiye, mutum ɗaya zai cinye a zama ɗaya. Iyayenmu da suka yi noma suka yi daka suka yi surfe ba su taɓa cewa gajiya ta hana su ɗora tukunya ba. Mu mun zo nan ga murhun gas ga firji, sai mu ce sai an dafa mana?

Zainabu_Nima
Alhaji da girmamawa, wa yake dafawa a gidanka? Ina tambaya ne tsakani da Allah. Iyayenmu mata da ka ambata a gida ɗaya suke da kishiyoyi da surukai da 'yan mata, in wannan ta gaji wannan ta karɓa. A zango in uwa ba ta dawo kasuwa ba, maƙwabciya za ta zuba wa yaranta tuwo. Nan mace ita kaɗai ce. Ta tashi ta shirya yara, ta hau jirgin ƙasa, ta je ta yi wa tsohuwar wani wanka ta dafa mata abinci, ta dawo ƙafa a kumbure. Kuma ba faranti na dala goma Maman Ilham ta nema ba. Gasasshiyar kazar babban kantin Costco dala 4.99 ce, shekara da shekaru a haka. Ɗanyar kaza guda sau da yawa ta fi wannan tsada, kafin ka sa mai da gas da awa guda a tsaye. To wane tanadi dokar ta yi mata a nan?

Alhaji_Garba_Houston
Zainabu, kaza ɗaya kika kawo misali. Doka ba ta kaza ɗaya ba ce. In aka buɗe, soyayyen dankali da fiza za su biyo baya, yaranmu kuma kin san abin da za su zaɓa.

Zainabu_Nima
Fizar firji ai yanzu ma tana wucewa, Alhaji. Da lemon kwalba da alewa a yawancin jihohi. Kek ɗin bikin haihuwa ma yana wucewa. Miyar ganye mai zafi ce ba ta wucewa.

Ummi_Silver_Spring
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Sani don kar wata ta ji kunya a layi. Katin ɗaya ne amma aljihu biyu gare shi. Akwai na abinci, akwai na tsabar kuɗi ga waɗanda ake ba tallafin kuɗi. In kina da na biyun, shi yana sayen abinci mai zafi da sabulu da kyallen jarirai, domin kuɗi ne kawai. Shi ya sa za ki ga wata ta biya kaza mai zafi da kati iri ɗaya da naki ta wuce, ke kuma aka mayar da ke. Ba son kai aka yi ba, aljihun da ta taɓa daban ne. Sannan abin da kika saya da kuɗin SNAP ba a ɗora masa harajin saye. In kin ga haraji a risit a kan abin da kati ya biya, ki koma ki nuna musu.

Maman_Ilham_Bronx
Anti Ummi Allah ya saka da alheri. Wallahi na taɓa ganin haka a gabana, na ɗauka don ni baƙuwa ce mai lulluɓi. Ni na abinci kawai nake da shi, kuma don yaran ake bayarwa.

Ibro_Bodega
Ni a bayan teburin nake tsaye kullum, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu. A manyan kantuna kowane kaya da lambarsa a kwamfuta, ita take raba wanda kati zai biya da wanda ba zai biya ba. A bodega kuwa yawanci hannu ne, kai za ka buga adadin kuɗin. Shi ya sa kika ga bambanci, Maman Ilham. Wanda ya karɓi katinki a sanwicin da ya fito daga kan gashi, ko dai bai san doka ba, ko ya sani ya rufe ido. Wanda ya ƙi ko da mai sanyi ne, tsoro ne ya yi masa yawa.

Tsoron kuma yana da dalili. Hukuma tana turo mutanenta su shigo kamar masu saye, su miƙo kati a kan abin da bai halatta ba su gani ko za ka karɓa. In aka kama kanti ana iya cire shi daga shirin wata shida, har zuwa shekara biyar. In kuwa musayar kati da tsabar kuɗi ce, cirewa ce ta har abada. A unguwanninmu kantin da ba ya karɓar EBT rabin cinikinsa ya tafi. Maigidana mutumin Yaman ne, mai tausayi ne ƙwarai, yana ba mutane bashi har ya manta, amma ranar da na fara aiki abin da ya fara ce mini shi ne kar in kuskura in haɗa kati da abin da ya taɓa wuta.

Yara suna shigowa bayan makaranta suna son chopped cheese, sanwicin nama da cuku da ake gasawa, in ce musu da kati sai mai sanyi. Wani yaron ya tsaya yana kallona, a lokacin sanyi, hanci na zuba. Ba daɗi wallahi.

Bashir_Philly
Ibro, to dabarar nan fa ta a biya tukuna sannan a ɗumama? Mu a nan akwai shagunan kifi da za ka sayi ɗanye da kati, ka ba da dala ɗaya ko biyu a hannu su soya maka.

Ibro_Bodega
Ka biya shi da sanyinsa, ka kai shi na'urar ɗumama abinci da kanka, wannan a wajenka babu matsala, domin lokacin biya ake dubawa. Mai kantin ne yake da lissafi. Tun ƙa'idar da aka fitar a 2016, abin da aka dafa ko aka ɗumama a cikin shago, kafin biya ko bayan biya, ana ƙirga shi. In irin wannan cinikin da na sauran abincin da aka shirya ya haura rabin cinikin shago, sai a ce gidan abinci ne ba kanti ba, a karɓe izinin. Shi ya sa wasu masu shago ba sa yarda ko ka roƙe su.

Malam_Habu_Columbus
Akwai kuma abin da ba a faɗa ba. Ko mai sanyi ne, in an sayar don a zauna a ci a cikin shagon, bai shiga ba. Sharaɗin shi ne na tafiya gida.

Hadiza_Damagaram_NC
Sannunku. Ni abin da ya fi damuna da teburin deli ba kati ba ne, injin yankan ne. Injin da ya yanka naman alade yanzu shi zai yanka miki talo-talo. Wasu wuraren suna da inji biyu, na nama da na cuku, amma na naman ɗaya ne ga kowa. Ni in ba shagon Musulmi ba ne, wanda aka rufe a leda daga kamfani nake ɗauka, shi ma kati yana saye. Kuma kazar gashin nan da ake ta magana, wa ya yanka ta?

Bashir_Philly
Yankan Ahlul Kitabi ne, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta.

Hadiza_Damagaram_NC
Inji ne yake yankawa a masana'anta, Bashir, dubbai a awa. Wane Ahlul Kitabi ka gani a wurin?

Ustaz_Nuhu_Newark
Wannan mas'ala malamai sun yi saɓani a kanta tun kafin mu zo ƙasar, kuma ba za mu warware ta a nan ba. Akwai masu sassautawa, akwai masu cewa sai wanda Musulmi ya yanka ya ambaci sunan Allah. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, kar kuma a aibanta juna. Maganar inji da naman alade kuwa Hadiza ta yi gaskiya, a nemi su wanke ko a bari.

Abin da nake so in ja hankali a kai shi ne na Ibro. In ka san abu bai halatta a kati ba, ka lallaɓa yaron shago ya buga maka shi da sunan wani abu, ka sa shi ƙarya, kuma ka jefa abincin gidansu cikin haɗari. Lokacin da muka cika takarda mun sa hannu a kan sharuɗɗa, Musulmi kuma yana kan alkawarinsa. Ina ganin dokar nan tana da gyara, zan ma faɗi haka a gaban kowa, amma gyaranta ba a wajen yaron shago yake ba. Ga mai kati ma akwai hukunci: in aka tabbatar da gangan ya karya ƙa'ida, shekara ɗaya ne a karon farko, biyu a na biyu, na uku har abada.

Sani_Harlem116
Tunda an zo maganar yanka, mutane da yawa ba su san wannan ba. Kati ba ya sayen dabba mai rai, amma in an yanka ta kafin ka ɗauka daga shagon, ta shiga. Wato kasuwannin kaji masu rai da ke Bronx da Queens, in suna da izinin karɓar EBT, za ka zaɓi kazarka a yanka maka yankan Musulunci a fige ka biya da kati. Ka tambaya a ƙofa tukuna, ba duka ke da izinin ba.

Kawu_Isa_Webster
Ni shekarata 67, ni kaɗai nake a ɗaki. Matata ta rasu, yara suna wata jiha. Hannuna na dama yana rawa, tukunyar ruwan zafi ba na iya ɗauka. Da Alhaji Garba ya ce a dafa, na karanta na yi shiru. Watan azumi ne ya fi yi mini wuya. In ban samu zuwa masallaci buɗa-baki ba, burodi da madara mai sanyi ne. Ba roƙo nake ba, ina faɗa ne don a san akwai irinmu.

Ummi_Silver_Spring
Kawu Isa, Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara maka lafiya. Kai ai akwai ƙofar da aka buɗe maka. Akwai wani reshe na shirin da ke ba mutum damar cin dafaffen abinci a gidajen abincin da suka yi rajista, RMP ake ce masa. Na mutum uku ne: wanda ya kai shekara 60, mai naƙasa, da wanda ba shi da matsuguni, har da matar mutum ko mijinta. Sharaɗin shi ne duk mutanen da ke kan katin su kasance cikin waɗannan. Ba kowace jiha ke yi ba. Arizona da California sun daɗe a ciki, akwai Maryland inda nake, da Michigan, Illinois, Virginia, Rhode Island, Massachusetts. New York ma ta shiga, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar a 2021, aka fara a yankin Rochester, daga baya ta iso birnin New York. Ba sai ka cika sabuwar takarda ba, in ka cancanta a katin ake sa alamar. Ka sa wani ya duba maka jerin wuraren da ke karɓa a shafin jiha.

Zainabu_Nima
Kawu, ni ba ni da nisa da Webster. Ka turo mini saƙo ta gefe. Zan duba maka jerin, kuma ranar da na yi tuwo da miyar ayoyo ɗana zai kawo maka. Wannan ba sai gwamnati ba.

Kawu_Isa_Webster
Allah ya yi muku albarka 'ya'yana. Ban taɓa jin wannan shirin ba.

Hajiya_Rabi_Chicago
A dai sani, ko a jihohin da ke yi, wuraren ba su da yawa, kuma mafi yawansu shagunan soye-soye ne. Mai hawan jini ko ciwon suga bai samu abin da yake nema ba. Da masu gidajen abincinmu na Afirka ta Yamma za su je su yi rajista, da tsofaffinmu sun ci shinkafa da miyar gyaɗa da katinsu. Masu gidajen abinci da ke cikin zauren nan, da ku nake.

Alhaji_Garba_Houston
Kawu Isa, maganata ba da irinka take ba, kuma ga shi doka ta ware ku. Wannan ai shi ne daidai: mai uzuri a buɗe masa, mai lafiya ya dafa. Mu a Texas ba mu da wancan shirin, amma da guguwar Beryl ta buge mu a Yulin 2024, wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, abincin firji ya lalace, gwamnati ta ba da izinin sayen abinci mai zafi da kati na wasu makonni. Haka aka yi lokacin Harvey a 2017. Ka ga dokar tana da ido.

Hadiza_Damagaram_NC
Mu ma an yi mana haka bayan guguwar Helene a 2024. Amma Alhaji wannan hujja ce a kanka. A makonnin da aka buɗe, ka ga mutane sun haukace sun cinye kuɗinsu a teburin zafi? Ni a Greensboro ban gani ba. Mutane sun san lissafin aljihunsu fiye da wanda ya rubuta dokar. Wadda ta san dala nawa ta rage mata kafin wata ya mutu ba sai an tsare ta da doka ba.

Sadiq_DMV
Ni tambayata daban ce. Ƙato mai lafiya ya tsallako teku ya zo ya riƙe katin sadaka, har yana gardamar zafi da sanyi? Mu nemi na kanmu mana.

Maman_Ilham_Bronx
Sadiq ƙanina, ina aiki fiye da awa arba'in a mako, ana cire mini haraji a kowane albashi. Kuɗin haya kaɗai yana cinye fiye da rabi. Yarana a nan aka haife su. Ban saci na kowa ba, ban yi ƙarya a takarda ba. Irin wannan maganar ce take sa mata su ɓoye kati a cikin hannun riga, su tafi kantin wata unguwa don kar ɗan gari ya gan su.

Malam_Habu_Columbus
Sadiq, mutum wajen miliyan 42 ne ke kan shirin nan, kusan ɗaya cikin takwas na mutanen ƙasar, kuma kaso mafi girma yara ne da tsofaffi da masu naƙasa. Sannan ba kowane baƙo ke samu ba. Tun dokar 1996, babba mai katin zama na dindindin yawanci sai ya shekara biyar, wanda ba shi da takardu kuwa ba ya samu sam, sai dai 'ya'yansa 'yan ƙasa. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙara tsaurara abin, ta faɗaɗa sharaɗin aiki har zuwa shekara 64, ta kuma cire wasu rukunan 'yan gudun hijira. Duk wanda maganar takardunsa ba ta kammala ba, ya ga lauyan shige da fice kafin ya nema, domin ƙa'idojin nan suna sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Wanda ya ga layin wuraren rabon abinci a Nuwamban 2025, lokacin da rufewar gwamnati kan rikicin kasafin kuɗi ta jinkirta kuɗin, ba zai kira abin nan wasa ba.

Sadiq_DMV
Ban ce da mata masu yara ba. Amma akwai masu yin abin da bai dace ba, kowa ya sani.

Ustaz_Nuhu_Newark
Akwai, kuma laifinsu a kansu. Mu koma kan tambayar baiwar Allah.

Fati_Atlanta
Maman Ilham, ga yadda nake yi, ko zai yi miki amfani. In na shiga da yamma ina wucewa kai tsaye wajen firjin da ke kusa da deli, nan suke ajiye kazar da ta huce da tsokar da aka zare aka sa a roba. Ki duba takardar jiki, in an buga ta a matsayin mai sanyi za ta wuce. Ranar hutu ina dafa miyar tumatir tukunya guda in raba a robobi in daskarar, in dafa shinkafa da yawa. In na dawo, kazar nan cikin miya, minti goma an ci. Babbar 'yarki in ta kai shekara goma sha biyu za ta iya ɗumamawa kafin ki iso. Abin da ba na so shi ne ki ɗauki mai zafi ki roƙi ma'aikaci ya sa miki a firji ya huce. Lambar da ke jiki ita na'ura take karantawa, ko ta huce ba za ta wuce ba sai an sake mata takarda.

Ibro_Bodega
Gaskiya ne. A bodega kuma ki faɗa tun kafin a fara haɗawa cewa da kati za ki biya, kar a gasa burodin. In an riga an ɗora a wuta, sai dai tsabar kuɗi.

Maman_Ilham_Bronx
Fati na gode, haka zan gwada, duk da injin daskarewar firjinmu ɗan ƙarami ne. Na fahimci dokar yanzu. Amma fahimta daban, yarda daban. Kawu Isa an buɗe masa, alhamdu lillahi. Wanda ke gidan marasa matsuguni an buɗe masa a wasu jihohi. Uwa mai aiki da yara ƙanana fa, ita a wane layi take? Kuma babu wanda yake ƙoƙarin gyara wannan?

Sani_Harlem116
Akwai. Grace Meng, 'yar majalisar wakilai daga Queens, ta gabatar da ƙudurin cire haramcin abinci mai zafi a 2023, da goyon bayan wasu daga jam'iyyun biyu. A Arkansas ma, a 2025, Gwamna Sarah Huckabee Sanders ta nemi izinin hana lemon kwalba da alewa a kati, a cikin takardar kuma ta nemi a halatta gasasshiyar kaza mai zafi. Wato har masu son tsaurarawa sun ga kazar nan ba ta da laifi. Amma iskar yanzu ta fi kaɗawa wajen ragewa. Nebraska ce aka fara ba izinin hana lemon kwalba a Mayun 2025, jihohi da dama suka bi. Don haka abin da ke wucewa a New York ba lallai ya wuce a wata jiha ba, mai ƙaura ya bincika.

Alhaji_Garba_Houston
In kaza ce kaɗai, guda, ba tare da soye-soye ba, zan iya yarda. Teburin zafi gaba ɗaya ne ban yarda ba.

Zainabu_Nima
To shinkafa da wake da ke kusa da kazar fa, Alhaji? Da dafaffen kabeji? Wa zai tsaya yana zaɓar wa mace abin da ya dace da bakin 'ya'yanta?

Hajiya_Rabi_Chicago
Ku biyun nan ba za ku gama yau ba. Sani, waɗanda suke da ƙuri'a a cikinmu, ofishin ɗan majalisarsu za su kira ko na sanata? Ka rubuto mana abin da mutum zai faɗa a taƙaice, da Turanci mai sauƙi, in kai wa matan majalisinmu ranar Lahadi. Ibro kai kuma ka tambayi maigidanka ko shago irin nasu zai iya shiga RMP ɗin nan, tunda ga su Kawu Isa a unguwar.

Ibro_Bodega
Zan tambaye shi in ya shigo da daddare, Hajiya. Sai dai na san zai fara tambayar ko hakan zai taɓa izinin da yake da shi yanzu, don haka wanda ya san yadda rajistar take a New York ya rubuto a nan.